Ƙafar da Na Yi wa Aikin Silin

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka je nema mini aure a Madakiya ba, kuma ko na so in manta, surukaina ba za su bari ba. Kowane magidanci yana da ɗan abin kunyar da ya same shi ranar gaisuwar iyaye. Wani wandonsa ne ya yage wajen durƙuso, wani kuma ya kira kawun amarya da sunan maƙwabci. Waɗannan duk masu sa'a ne. Ni nawa abin sai da aka aika aro zarto a maƙwabta.

Sana'ata aikin silin ce, wato wannan farin garin da ake kwaɓawa da ruwa a yi wa saman ɗaki ado, wanda duk Kafanchan ake kira pi'opi. Ba yabon kai ba, na iya aikina. In ka shiga falo a garin nan ka ɗaga kai ka ga layi ya miƙe sambal, kusurwa ta haɗu da kusurwa, ka tambaya, da wuya ba hannuna ba ne. Ciwona ɗaya, kuma na san shi: komai na kalla gini nake gani. In na ga mutum yana tafiya a duƙe, sai in ce ginshiƙinsa ne ya karkace. In tsohuwa ta yi kukan gwiwa, sai in ce harsashi ne ya zauna. (Na taɓa faɗa wa gwaggona haka a gidan makoki. Ba ta yi dariya ba.)

Wadda nake nema kuwa, Rifkatu, nas ce a wani asibiti a cikin gari. Mun haɗu ne lokacin da nake yi wa cocinsu na ƙauye silin, tana cikin matan da ke kawo wa ma'aikata kunu. Tun daga lokacin muke gardama guda ɗaya da ta ƙi ƙarewa. Ni ina cewa jikin mutum da gini abu ɗaya ne, shi ya sa ma sunayensu suke tafiya tare: ƙofa tana da baki, gida yana da goshi da baya, bango yana da gindi, ɗaki yana da ciki. Wata rana na buɗe littafinta na makaranta, na ga yawancin kalmomin Turancin da suke kiran sassan jiki da su 'yan'uwan waɗanda injiniyoyi ke rubuta mana a takardar zane ne, sai dai a ɗan canza wutsiyar kalmar. Na yi ta murna kamar na kama ɓarawo. Ita kuwa ta ce wannan 'yar wutsiyar da nake rainawa ita ta zaunar da su shekaru a aji, kuma don sunaye sun yi kama ba shi ke nuna aikin ɗaya ba ne. Sai na jawo babbar hujjata, na ce abin da suke ɗaure karaya da shi a asibiti ai shi ma pi'opi suke ce masa. Ta ce haka ne, amma nasu a jikin bandeji yake zuwa, ana shimfiɗa auduga a ƙarƙashi, ana kuma barin wurin kumburi. Na ji ta da kunne, amma a raina na ce wannan duk iyayi ne irin na masu fararen kaya.

Mahaifinta, Baba Dogara, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya ya koma noman citta, mutumin da ya yi rayuwarsa da agogo a hannu. An taɓa sa mana ranar gaisuwa, na tafi wani aiki Kauru, ruwa ya cinye hanya, na maƙale a can. An dafa abinci, dangi sun taru, babu mai nema babu labarinsa. Da ƙyar kawuna Bulus ya yi ta roƙo aka sake sa wata rana. Saƙon da Baba ya aiko gajere ne: in na sake fasawa, ko da wane dalili ne, kada in ƙara taka ƙofar gidansa. Rifkatu ta maimaita mini saƙon ba ta ko murmushi, na san ba wasa a ciki.

Ana jibi za a tafi, na gama wani falo a bayan kasuwa. Mu masu silin muna da wata ɗabi'a, in mun gama aiki sai mu riƙa ja da baya, kai a sama, muna duba layi. Haka na yi ta ja da baya ina yaba wa kaina har na fita ƙofa, na manta baranda tana da matakala. Abin haushin ke nan: na yi shekaru ina hawa sikafol, dogon dandamalin katakon nan mai rawa, ban taɓa faɗowa ba, sai ga shi 'yar matakalar da akuya ke tsallakewa ta kayar da ni. Ƙafar hagu ta lanƙwashe, na ji wani ƙas a idon sawu, kafin in gama kiran sunan Yesu wurin ya fara tashi.

Abokin aikina Ishaya, wanda muka koyi sana'a tare kuma yake kirana Injiniya don tsokana, ya zo ya tsaya a kaina.

"Injiniya, ƙafan nan ya karye fa. Tashi in kai ka asibiti a mashin."

Na zauna a ƙasa ina lissafi. In na je asibitinsu Rifkatu, kafin a gama rubuta sunana an buga mata waya. In na je wani, nas-nas ɗin garin nan duk sun san juna, ƙungiyar mawaƙa ɗaya suke. Abin da ya fi tsorata ni shi ne a kwantar da ni, a rataye ƙafa sama, a ce kada in motsa sai mako ya zagayo. Wane ne zai je ya faɗa wa Baba Dogara cewa yaron nan ya sake samun dalili? Ina cikin wannan tunani idona ya sauka a kan ragowar buhun pi'opi a kusurwar falo. Wallahi a lokacin ji na yi kamar Ubangiji ne ya buɗe mini hanya. (Daga baya fastonmu ya tabbatar mini ba shi ba ne.)

Da na faɗa wa Ishaya da shi zan ɗaure ƙafar, ya ce ba ni da hankali, pi'opin mutum daban na ɗaki daban. Na ce ya kawo ruwa. Abin da har yau yake ba ni haushi da Ishaya shi ne, bai daɗe yana hana ni ba sai ya koma ba da shawara. Shi ya ce in za a yi, to a yi mai kyau. Shi ya tuna mini cewa pi'opi tsiraransa ba ya da ƙarfi sai an sa masa zare, wannan mai kama da gemun masara da muke cusawa a ciki don kada ya tsage. Da muka sa zaren, sai na duba na ce wannan abu nauyin mutum zai ɗauka, ba kamar silin ba da yake rataye ba mai taka shi. Duk abin da zai ɗauki nauyi kuwa, maginin kirki ba ya barinsa babu ƙarfe. Ishaya ya gyaɗa kai, ya fita, ya dawo da wayar raga irin ta kejin kaji.

Muka naɗe idon sawun da tsohuwar singileti, a matsayin audugar da Rifkatu take magana. Singiletin ba ta kai ƙwauri ba, na ce ba komai. Muka zuba shafe na farko, muka naɗa raga zagaye biyu, muka ɗaure da wayar ɗaurin rodi, muka sake zubawa. Maganar barin wurin kumburi ta faɗo mini a rai, amma hannuna ya ƙi. A wurinmu rata ita ce abin kunya, mai aikin da ya bar rata ba a sake kiransa. Na matse shi tsam tun daga ƙasan gwiwa har gindin yatsu.

Na san pi'opi yana ɗumi in zai kama, kullum ina jin sa a tafin hannu. Ban taɓa tunanin yadda zai yi ba in ya yi kaurin bulo kuma ƙafarka tana ciki. Na yi gumi, na ciji hular Ishaya, na ce masa alamar garin mai kyau ne. Da ya huce ya bushe, sai na ga bakinsa na sama bai yi kyau ba, kuma ni ba na iya barin aiki haka. Na ɗauko mol, abin da muke zuba pi'opi a ciki don fitar da zane, na ja masa ɗan layi biyu da 'yan ganyaye a zagaye, na bi da sanfefa. Gaskiya ya yi kyau. Ishaya har hoto ya ɗauka.

Rifkatu ta riga ta tafi ƙauye taya mamanta shiri, don haka waya kawai muke yi. Na ce mata na ɗan buge ƙafa, ba wani abu ba. Kawu Bulus kuwa, da ya zo ɗaukata da safen ranar a motar da aka yi shata, ya ga ƙafar ya riƙe baki, sai na ce masa a asibiti aka ɗaure. Ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ce lallai asibitocin yanzu sun ci gaba. Sai da aka farke wandon sabon kaftanina har gwiwa kafin ya shiga, sannan mutum biyu suka ɗaga ƙafar suka sa a mota kamar za a kai ta kasuwa.

Tsakanin Kafanchan da Madakiya ba wani nisa ba ne, amma ranar na san kowane rami da ke hanyar. Tun jiya da yamma ƙafar take bugawa kamar ana daka a ciki. Ga ƙaiƙayi a inda hannu ba ya kaiwa. Yatsun da suka leƙo waje sun yi suntum, sun fara canza launi, in na taɓa su sai in ji kamar na wani ne. Na jawo safa na rufe su, don a ganina abin da ido ba ya gani, ba ya ɓata aiki. Gwaggona da ke kusa da ni ta tambaya ko zazzaɓi nake, na ce zumuɗi ne.

Mun isa a kan lokaci, wannan kam a rubuta mini shi. Baba Dogara yana zaune a falo da 'yan'uwansa maza da wani dattijon ikkilisiya, na ga ya dubi agogo ya ɗan gyaɗa kai. Aka yi addu'ar buɗewa. Sai aka zo wurin da na manta ban yi shirinsa ba. A al'ada mai nema ba ya gaida iyaye a tsaye. Zai je gaban kowane dattijo ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe shi, sannan ya koma gefe ya yi shiru, manya su yi magana. Dattijon ikkilisiya ya ce a bar ni saboda lalura, amma ni na ce sam, ba zan fara da raini ba.

Na dogara da sanda na isa gaban Baba. Na lanƙwasa ƙafar dama, ta hagu kuwa ta miƙe gaba abinta, nauyinta ya ja ni, na ɗaga ta don in gyara, ta kuɓuce ta sauka a ƙasa da wata ƙara da ta sa kajin tsakar gida suka watse. Da na duba, daɓen simintin falon ya fashe, wani ɓangare ya ɓalle kamar faɗin tafin hannu. Aikina kuwa ko ƙwarzane bai yi ba.

Nan ne mai hankali zai ba da haƙuri ya rufe bakinsa. Ni kuwa na ɗauki ɓallin na murza shi a yatsa, ya zama gari, sai na ji bakina yana cewa, "Baba, wanda ya yi muku daɓen nan ya cuce ku. Yashi ya fi siminti yawa."

Baba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ni na yi shi."

Kawu Bulus ya yi tari mai tsawo, ya shiga jawabinsa da sauri tun ba a ba shi dama ba. Aka ja ni aka zaunar a kujerar gefe, aka sa mini ƙafar a kan ɗan benci. Ban ji rabin abin da aka faɗa ba. Na dai san an gabatar da kayan gaisuwa, an yi ta ja-in-ja irin na manya, ana dariya ana komawa. Ni ina can ina fama da ƙafa, wadda yanzu ta daina ciwo ta koma wani irin shiru da ya fi ciwon ban tsoro. Wata gwaggon Rifkatu ta matso ta shafa ganyayen da na zana, ta ce ita ba ta taɓa ganin ɗaurin asibiti mai ado haka ba, ko na masu kuɗi ne. Na ce e, sabon yayi ne.

Sai aka ce a kira yarinya. Wannan shi ne zuciyar taron: za ta fito, mahaifinta ya tambaye ta ko ta san mutanen nan, ta sunkuyar da kai ta ce ta san su, mata su yi guɗa. Rifkatu ta shigo cikin atamfa, kai a ƙasa kamar yadda ake so. Matsalar sunkuyar da kai ita ce ƙasa mutum yake kallo, ƙafata kuwa tana nan a kan benci, fara fat.

Baba ya ce, "Rifkatu, kin san mutanen nan?"

Ba ta amsa ba. Ta wuce gaban mahaifinta, ta zo ta tsuguna, ta zare safar. Ta matsa babban yatsana ta saki, ta jira, ta sake matsawa. Ta tambaye ni ko ina ji, na ce kaɗan-kaɗan, alhali ko alama. Ta tura yatsa a bakin ɗaurin, bai shiga ba. Sannan idonta ya tsaya a kan ganyayen.

"Wa ya ɗaura maka wannan?"

Kawu Bulus, Allah ya saka masa, ya ce ai a asibiti aka yi.

"Kawu, wannan ganyen shi ne a silin na cocinmu. Kowane Lahadi ina kallonsa."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, amma na riga na ga irin daɓen, ba zai ɓoye kowa ba. Na fara bayani a kan cewa garin ɗaya ne, sunan ma ɗaya. Ba ta ko dube ni ba. Amaryar da ta shigo da kunya ta ɓace, nas ce ta miƙe a tsakiyar falo tana ba dattawa umarni. Ta ce jini ba ya kaiwa yatsun, in ba a cire abin nan yanzu ba ƙafar za a yi magana a kai, ba aure ba, kuma ba za a jira mota ta koma gari ba. Sai a lokacin tsoro na gaske ya kama ni. Na dubi yatsun nan masu launin toka, na tuna sana'ata a kan tsani take.

Aka ɗauke ni ɗungurungum aka fitar tsakar gida, ƙarƙashin mangwaro, aka kwantar a tabarma a gaban matan da ke tuƙa tuwo. Rifkatu ta ce a kawo ruwan ɗumi da almakashi, domin na asibiti in ya jiƙa yana laushi. Aka jiƙa, aka jiƙa, almakashi ya lanƙwashe. Aka kawo wuƙar yankan nama, ta shiga kaɗan ta tsaya da wata ƙara. Rifkatu ta kankare wurin, ta leƙa, ta ɗago kai a hankali.

"Waya ka sa a ciki?"

Na ce raga ce, zagaye biyu kawai.

Ban taɓa ganin mutum ya rufe ido ya yi addu'a a gajarce irin haka ba. Aka aika maƙwabta aro zarto da filaya. Kafin a kawo su labari ya riga ya zaga unguwa, mutane suka cika bakin ƙofa, har da wata Bafulatana mai kawo wa gidan nono, wadda ta ajiye ƙwaryarta ta nemi wuri mai kyau ta zauna. Babu wanda ya iya riƙe zarton yadda ba zai ci nama ba, sai Baba Dogara da kansa ya tuɓe babbar riga, ya gyara tabarau, ya zauna a kan turmi ya ɗora ƙafata a cinyarsa. Rifkatu tana nuna masa layin da zai bi, shi yana yanka, yana tsinke waya ɗaya-ɗaya da filaya.

Kuma ko a nan bakina bai mutu ba. Na ga yana yanka ta inda muka ninka ragar, sai na ce masa in ya bi ta gefe zai fi sauƙi. Ya tsaya, ya dube ni, ya ce in na ƙara magana zai bar ni da abina in tafi da shi. Can kuma, yana gumi, na ji ya faɗa ƙasa-ƙasa cewa ko gadar jirgi ba a yi mata wannan ƙarfen ba. Kunya ta hana ni in nuna, amma sai da na ɗan ji daɗi.

Da aka tsaga shi gefe biyu, sai aka zo ɓarewa. Ni da ba na zuba pi'opi a mol sai na shafa mai don kada ya kama, ban shafa wa ƙafata komai ba. Duk gashin ƙwaurina yana cikin ginin. Rifkatu ta ce in ja numfashi, ta fizge. Ihun da na yi, an ce har masu aiki a gonar citta ta bayan gida sai da suka miƙe tsaye. Ban tsaya nan ba, jinin da ya fara komawa yatsu ya zo da nasa azabar, na yi ta kiran mamata, wadda take Kafanchan, a gaban mutanen da na zo in nuna wa na isa riƙe iyali. Tsohuwar singiletin ta fito a ƙarshe, da ramukanta, wata yarinya ta ɗaga ta sama da tsinke kowa ya gani.

Fatar ta yi ja, ta yi bororo a wurare saboda zafin garin. Rifkatu ta bi ƙashin da yatsa a hankali, ta juya sawun hagu da dama, ta sa na taka. Ta ce sai an ɗauki hoto za a tabbatar, amma ita a ganinta babu karaya ko ɗaya, targaɗe ne. (Hoton ya tabbatar da haka washegari.) Da na sa ƙanƙara na ɗaga ƙafar na kwanta, da yanzu ina tafiya da ɗan ɗingishi kawai. Wato duk ciwon da ke jikin ƙafar nan, in ka cire kaɗan, ni na yi shi da hannuna, har da ado.

Dattawa suka koma falo suka rufe ƙofa. Aka bar ni a tabarma, wando a farke, kaftani ya yi fari da gari. Kawu Bulus kafin ya shiga ya sunkuyo ya ce mini shi ya gama, ko akuya ba zai ƙara nema mini ba. Rifkatu tana shafa mini magani, tana ta sake matsa yatsun ɗaya-ɗaya tana duba ko jini ya dawo. Sai na gane ba fushi kaɗai ba ne, ta tsorata. Wannan ya fi dariyar mutane yi mini ciwo. Na ce mata ta yi haƙuri, tsoron kada in rasa ranar ne ya sa. Ta ce da na rasa ƙafar fa, da wace ranar zan zo? A raina na riga na sallama, ina tunanin yadda zan shiga mota in koma ba tare da na haɗa ido da kowa ba.

Da aka buɗe ƙofa, Baba ya fito ya tsaya a baranda, sauran suna bayansa. Ya kira 'yarsa, ya ce ɗazu ya yi tambaya ba a ba shi amsa ba.

"Kin san mutumin nan?"

"Na san shi, Baba. Ban dai san abin ya kai haka ba."

"Har yanzu kina so?"

Ta daɗe tana kallon ɓarin ginin nan biyu da ke yashe a gindin mangwaro.

"Ina so."

Baba ya juya wajen Kawu Bulus. Ya ce shi a rayuwarsa ya ga wauta iri-iri, amma bai taɓa ganin wadda aka yi wa ganye ba. Ya ce amma ya ce wa yaro ya zo ko da wane dalili, yaro kuma ya zo, yana jan rabin buhu a ƙafa. Sannan ya ƙara da cewa, "Ku ɗauke ta. Wannan in ba a sa masa nas a gida ba, ba zai kai Kirsimeti ba."

Mata suka yi guɗa. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, na bar mutane suna zaton zafin ƙafa ne.

Yanzu muna da yara biyu, kuma har yau ba a kirana da sunana a Madakiya. Yara ƙanana da ba a haifa ba lokacin, in sun hango ni sai su fara ɗingishi. Gashin ƙwaurin hagu bai dawo daidai ba. Ishaya kuwa, munafukin, duk inda aka taru sai ya ce shi tun farko ya hana ni.

Abin da na koya bai da yawa, amma na saye shi da tsada. Na daɗe ina zaton ba na kuskure, ashe dalilin kawai shi ne abin da nake aiki da shi ba ya magana. Bango ko ka matse shi ba ya kumbura, silin bai taɓa ce mini ya ji zafi ba, sai na ɗauka shirunsu shaida ce cewa na san komai. Yanzu iyakata daga saman bango zuwa sama, abin da ke da jini kuwa na bar wa masu shi.

Sai dai ban ce an yarda da ni ba. Kwanan baya babban ɗana ya maƙale yatsa a ƙofa, ya zo yana kuka. Na ce ya kawo in gani, gani kawai. Yaron nan ya dubi fuskata, ya dubi farin garin da ke hannuna, ya ɓoye yatsan a bayansa, ya share hawaye ya ce, "Baba, ya warke. Zan jira Mama."